In Magana Iska Ce, Wa Zai Ce wa Matuƙi Jirgi Ya Cika?

'Yan'uwana matasa, a taron zumunta na makon jiya wani ɗanmu da ya dawo hutu daga jami'a ya ce kalmomi ba sa kai mutum ga gaskiya, kowa da tasa fahimta, don haka wa'azi da addu'a surutu ne kawai. Wasu suka tafa masa. Ni ban tafa ba.

Wannan ra'ayi ya tsufa. Fiye da shekara 400 kafin haihuwar Almasihu, wani Bahelene mai suna Gorgiyas ya yi gardama cewa ko da mutum ya san abu, ba zai iya isar da shi ga wani ba. Amma da me ya isar mana da wannan? Da kalmomi. Wanda ya buɗe baki ya ce baki ba shi da amfani, ai ya kayar da kansa. A shekara ta 386 Agustin ya rubuta littafi don amsa wa masu shakka irin waɗannan. Daga baya kuma ya nuna cewa mai shakka ya san abu ɗaya tabbas: yana nan, tun da ga shi yana shakkar.

Na yarda harshe yana da iyaka. A kasuwar Warra, Bakambare da Bagunge da Bahaushe kowa yana da sunan da yake kiran kifi da shi. Amma tarwaɗar da ke cikin taru ɗaya ce, kuma ana gama ciniki lafiya. Tun da aka kammala madatsar ruwan Kainji a 1968, tsoffin garuruwa suna ƙarƙashin ruwa. Ba ka taɓa ganinsu ba, amma kakarka ta ba ka labari. Maganarta ba ta ɗauke garin dukansa ba, duk da haka ba ƙarya ta yi maka ba.

Ku tuna jirgin da ya nutse kusa da garin nan a watan Mayu na 2021, da rayukan da muka rasa. In wani ya tsaya a bakin ruwa ya ce "jirgin nan ya cika", wannan magana ko dai gaskiya ce ko ba gaskiya ba, kuma rai ne a kanta. Babu mai hankalin da zai amsa masa da "fahimtarka ce".

Manzo Bulus da kansa, a 1 Korantiyawa 13, ya yarda saninmu na yanzu bai cika ba. Bai daina wa'azi ba. Sani kaɗan daban, rashin sani daban. Ba za ka kwashe tafkin Kainji da ƙwarya ba, amma abin da ka ɗebo ruwa ne, yana kuwa kashe ƙishi.

Ku yi tambaya, ina murna da masu tambaya. Amma kada ku mai da shakka wurin ɓuya daga tuba da biyayya. Ubangiji ya ba mu ganewa. Amin.