Ra'ayinmu: Marubutanmu su kai labarin bincike ƙauye, amma bisa sharaɗi

A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Littattafai biyar suka fito daga gasar, kuma har yau da su ake fara lissafin tarihin ƙagaggen labarin Hausa na boko: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Jiki Magayi na John Tafida da East, sai Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Huɗun farko sun sha karatu a aji da nazari a jami'a. Na biyar ɗin bai samu gata kamar nasu ba, alhali shi ne ya ɗauki laifi ya mai da shi ginshiƙin labari: ɓarayi da dabarunsu, da yadda wayon wani ke cin na wani. Tun a zubin farko, mutumin Gwarzo ne ya nuna cewa ana iya gina littafin Hausa a kan sata da basira.

Abin da ya yi ƙaranci a shekaru casa'in da suka biyo baya shi ne ɗaya ɓangaren: labarin wanda zai zauna ya yi tunani har ya gano mai laifin. Muna da littattafan soyayya jibge tun daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Muna da na rikicin gida irin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, da na fasa-ƙwauri da cin hanci irin Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina. Marubuta irin su Nazir Adam Salih da Bala Anas Babinlata sun tabbatar da cewa mai karatun Hausa yana son labari mai sarƙaƙiya wanda ba ya barin mutum ya yi barci. Amma yawancin labaran laifi da muke da su na birni ne, na bindiga da manyan motoci da ƙungiyoyin asiri, kuma ana jin ƙamshin littattafan Turanci na James Hadley Chase da jerin Pacesetters a jikinsu.

Akwai wani reshe na labarin bincike da ya sha bamban da wannan. Labari ne mai sanyi. Yana faruwa a ƙaramin gari inda kowa ya san kowa. Mai binciken ba ɗan sanda ba ne, sau da yawa ma dattijuwa ce wadda ba wanda yake shakkar ta. Ba a baje jini, ba a batsa, kuma makaminta kawai lura da sanin halin ɗan Adam. Agatha Christie ta Ingila ce ta fi kowa fito da shi, da tsohuwar nan Miss Marple ta ƙauyen St Mary Mead, wadda littafin farko a kanta ya fito a 1930. A 1998 Alexander McCall Smith ya kawo salon Afirka da The No. 1 Ladies' Detective Agency, inda Precious Ramotswe ta sayar da shanun da ta gada daga mahaifinta ta buɗe ofishin bincike a Gaborone ta Botswana. A 2020 kuma Richard Osman ya ci kasuwa da The Thursday Murder Club, labarin tsofaffi huɗu a gidan 'yan ritaya. Tambayar da ke gabanmu ita ce: shin wannan salo ya dace da mu, kuma ya cancanci marubutanmu su ba shi lokacinsu?

Masu cewa ya dace suna da hujjoji masu ƙarfi. Na farko, kayan aikin yana nan a ƙofar gida. Wanda ya san Gwarzo da Getso da Kutama da Lakwaya, ko Kabo da Garo da Durun, ya san irin garin da salon yake bukata: gari mai kasuwa da tasha da majalisar ƙofar gida, inda baƙo ba ya kwana biyu ba a san gidan da ya sauka ba. Abin da za a bincika ma ba sai an ƙago ba. Kuɗin adashi sun yi ɓatan dabo daren kwasa. An sayar da gonar gado ga mutum biyu, kowa da takardarsa da shaidunsa. Saniya ta ɓace tsakanin ruga da kara. An buɗe akwatin lefe a gaban dangi an ga babu sarƙar da aka lissafa. Buhunan taki sun ragu tsakanin sito da hannun manomi. Masu binciken kuwa ga su nan: dillaliya da ke shiga gidan da namiji ba ya shiga, ungozoma da ta san haihuwar rabin gari, wanzami da kowa ke sakin baki a gabansa, malamar makaranta da ta yi ritaya amma ba ta manta rubutun hannun ɗalibanta ba. Karɓuwar da shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya samu ta isa shaida cewa jama'a ba sa gajiya da labarin gari guda da mutanensa.

Na biyu, kuma shi ne ya fi nauyi a wurinmu, salon yana koyar da auna hujja kafin yanke hukunci. Duk littafin bincike mai kyau yana da wanda ido ya fara faɗawa kansa: almajirin gida, ɗan aiki, baƙo, kishiya. Mai karatu yakan yarda shi ne, sai daga baya ya ga yadda zato ya yaudare shi. Wanda ya sha irin wannan kaye a takarda sau goma zai ɗan ja birki kafin ya ɗauki sanda idan an yi ihun ɓarawo a kasuwa. Mun ga inda zato ke kaiwa idan ya haɗu da taro: a watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16, mafarauta 'yan jihar Kano, a Uromi ta jihar Edo, bisa zargin da ba wanda ya tsaya ya tantance. Littafi ba zai kawar da irin wannan ba shi kaɗai, amma tarbiyyar tunani daga ƙananan abubuwa take farawa. Wannan tarbiyya kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk ɗan makarantar allo ya san yadda aka wanke Annabi Yusuf, Alaihis Salam, ta hanyar duba ta inda rigarsa ta yage. Littattafan tarihin Musulunci sun adana labaran firasar Alƙali Iyas bin Mu'awiya, kuma Magana Jari Ce ma akwai labaran shari'a da ake warwarewa da basira.

Na uku, salon yana ba marubuciya wata hanya. Mata ne ke riƙe da babban kaso na rubutu da karatun ƙagaggen labari a ƙasar Hausa, kuma gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da ɗimbin masu alƙalami daga cikinsu. Jarumar da aka saba gani ita ce wadda ake so, ko ake zalunta, ko ake jira a ceto. A nan kuwa jarumar ita ce mai kaifin ƙwaƙwalwar da mai unguwa da dagaci ke neman shawararta. Kuma tun da babu batsa a tsarin salon, littafi ne da uwa za ta karanta ta miƙa wa 'yarta. Wanda ya tuna ƙona littattafan Hausa da aka yi a Kano a 2007, da takun-saƙar da ta biyo baya tsakanin marubuta da Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i, ya san darajar wannan.

Sai dai masu ja da baya su ma ba surutu kawai suke yi ba. Ƙorafinsu na farko na addini da tarbiyya ne. Suratul Hujurat ta hana yawan zato da bin diddigin asirin mutane, kuma Bahaushe yana cewa zato zunubi ko da ya zama gaskiya. A al'adarmu mai sa ido da mai tsegumi ba abin yabo ba ne, rufin asiri kuwa addu'a ce da ake yi wa masoyi. To, yaya za a ɗauki tsohuwa mai leƙe-leƙe a mai da ita gwarzuwa? A ƙaramin gari haɗarin ya fi yawa, domin idan marubuci ya ce mai shagon bakin tasha ne ɓarawo, mutanen garin za su ƙirga shagunan bakin tashar su fitar da suna.

Ƙorafi na biyu na halin da ake ciki ne. A littattafan Turawa gawa kamar wasan dara take: a ajiye ta a babi na farko, a yi ta shan shayi ana lissafi. Yammacin Kano ya yi iyaka da jihar Katsina, kuma a 2025 hare-haren 'yan bindiga sun taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa. Mutumin da ya kwana a daji saboda tsoro ba zai ga abin nishaɗi a kisa ba. Ƙari a kan haka, salon ya ginu ne a kan amannar cewa da zarar an gano mai laifi hukuma za ta karɓe shi, kotu ta yi adalci, gari ya koma lafiya. Mai karatunmu ya san ba kullum haka take kasancewa ba. An yi wa McCall Smith makamanciyar wannan suka, cewa Botswanarsa ta cika daɗi.

Ƙorafi na uku na kasuwa ne. Cinikin bugaggen littafi ya ja baya ƙwarai, karatu ya koma waya: WhatsApp da Wattpad da masu karanta littafi a YouTube. Marubuciya tana sakin shafuka kullum, masu biya suna jira, kuma yawan tsawon labari yawan abin da za ta samu. Labarin bincike ba ya jure wannan. Sai an san ƙarshensa kafin a rubuta farkonsa, kuma kowace alama sai an dasa ta a gurbinta. Ga shi kuma idan wani ya tura babin ƙarshe kyauta a zauren WhatsApp, ya kashe cinikin gaba ɗaya.

Mun auna ɓangarorin biyu, kuma ra'ayinmu shi ne a rubuta. Ƙorafe-ƙorafen nan gaskiya ne, amma kowannensu yana nuna yadda ya kamata a yi aikin ne, babu wanda ya kai ga hana shi. Muna ganin sharuɗɗa huɗu.

Na ɗaya, ba dole sai an yi kisa ba. Precious Ramotswe ta cika littattafai fiye da ashirin, akasarin abin da take bincike kuwa miji ne da ya ɓace, ko ɗan damfara, ko ma'aikaci maras amana. Gonar marayu da aka cinye ta isa ta riƙe mai karatu shafi ɗari biyu. Ta'addancin daji kuwa yana bukatar nasa adabin, mai nauyin da ya dace da shi.

Na biyu, mai bincike ta shiga magana ne saboda an zalunci wani ko an ɗora wa wani laifin da bai yi ba, kuma a nemi taimakonta. Abin da ta gano wanda bai shafi haƙƙin kowa ba, ta rufe. A nan ne marubucin Hausa zai iya yin abin da na Ingila bai yi ba: ƙarshen labari yana iya zama a zauren mai unguwa, a mayar da haƙƙi, a wanke wanda aka zarga a bainar jama'a, abin da ya fi ƙarfin sulhu kuma a miƙa shi ga 'yan sanda da kotu. Kada a taɓa nuna duka ko ƙone wanda ake zargi a matsayin adalci. Garin kuma a ƙago masa suna, ko da kowa zai gane ƙasar Gwarzo ce daga yanayin kasuwarsa da maganar mutanensa.

Na uku, a yi wa mai karatu adalci. Tun 1929 Ronald Knox ya jera ƙa'idojin wannan fanni, daga ciki har da cewa mai laifi ya kasance wanda aka ambata tun da wuri, kada a ɓoye wa mai karatu alamar da mai bincike ya gani, kuma kada a warware matsala da abin da ya fi ƙarfin hankali. Wannan ta ƙarshen ta fi shafar mu. Idan boka ne ya buga ƙasa ya faɗi sunan ɓarawo, ko mafarki ya tona, ko aljani ya yi magana a bakin wata, to an zubar da duk amfanin da muka lissafa, an kuma ƙarfafa ainihin ɗabi'ar da ke sa a zargi tsohuwa da maita.

Na huɗu, a kammala littafi kafin a fara sakin sa. Maganin satar babin ƙarshe shi ne jaruma mai dawowa: Christie ta rubuta littattafai 12 da Miss Marple, kuma mutane suna komawa ne don su sake zama da ita, ko da sun san wanda ya yi laifin. Gajeren littafi mai kammalallen labari, wani na bin wani, ya fi dacewa da waya da rediyo fiye da labari guda mai shafi dubu.

Sauran aikin na masu ruwa da tsaki ne. Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya reshen Kano da masu shirya gasanni su ware rukuni na labarin bincike, su sa alƙalan da za su duba ko hujjojin labari sun tsaya da ƙafarsu. Malaman Hausa a sakandaren Gwarzo da Kabo, da ɗaliban babbar makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Kabo, su gwada shi a ƙungiyoyin adabi: a karanta labari a tsaya kafin babin ƙarshe, kowa ya faɗi wanda yake zargi da dalilinsa. Gidajen rediyon Kano da ke karanta littattafai su ba shi fili. Attajirai da 'yan siyasar yankin da ke ɗaukar nauyin gasar ƙwallo duk shekara, kyautar gasar rubutu ba za ta gagare su ba. Marubutan kuma su sani wannan fanni ya fi soyayya wuyar ƙullawa, kuma mai karatu ba zai yafe musu ba idan lissafin bai fita ba.