Idan Masu Kuɗin Kirifto Sun Sauya Hanya, Ina Mai Jari Zai Kai Ƙara?

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya zauna a zangon Hausawa na Fatakwal ko Anacha ko Inugu ya san yadda ake haɗa jari. Mutum ya ba ɗan'uwansa kuɗi a kan ya sayo albasa daga Aliero ko shanu daga Potiskum, a sauke a kudu, a raba riba. To, idan wanda aka ba kuɗin ya isa Arewa ya ga dama ya sayo wake maimakon albasa ba tare da shawara ba, aka kuma yi hasara, kowa ya san inda za a dosa. Akwai shaidu, akwai shugaban 'yan kasuwa, akwai Sarkin Hausawa. Ko kuɗi ba su dawo duka ba, za a zauna a ji ta bakin kowa.

Harkar kirifto, watau kuɗin nan da ba su da takarda ko ƙarfe sai lissafi a intanet, ba ta da wannan zaure. Abin da ya faru da samarinmu a 2024 da 2025 ya isa shaida.

Masu karatu za su tuna cewa a watan Mayu na 2024 wani wasa na Telegram mai suna Notcoin ya raba wa 'yan wasansa kuɗinsa, waɗansu suka sami abin kirki a kan danna fuskar waya kawai. Nan da nan labari ya game Kano da Kaduna, ya gangaro har titin Owerri a Inugu da Diobu a Fatakwal. Mai shayi da ɗan acaba da yaron shago kowa ya duƙufa ga abin da suke kira mainin, watau haƙa. Wani zai ce ai waɗannan ba masu jari ba ne, tun da ba su zuba kuɗi ba. Ni ban yarda ba. Wata shida na sayen data, da biyan mai janareto kuɗin caji, da barin aiki ana danne-danne, lalle jari ne, balle waɗanda suka ƙara sayen waya ta biyu.

Hamster Kombat shi ne ya fi kowanne tara jama'a, domin masu shi sun ce mutum miliyan 300 suka shiga. Da farko mutane tara sulalla suke yi cikin wasan. Sai aka ce ba yawan sulalla za a duba ba, ribar da mutum ke samu a kowace awa ita ce magana. Ana cikin haka aka kawo waɗansu ƙananan wasanni da ake tara makullai a cikinsu. Da ranar rabo ta matso, watau 26 ga Satumba 2024, aka sanar cewa mutum miliyan 131 ne suka cancanta, an kori sama da miliyan biyu bisa zargin maguɗi, sa'an nan za a riƙe kashi 11.25 cikin ɗari na rabon kowa har wata goma. Da aka buɗe ciniki farashin bai wuce kimanin santi ɗaya na dalar Amurka ba, ya kuma ci gaba da sauka. Da yawa abin da suka samu bai kai dala goma ba.

Me jama'a suka yi? Zagi a Facebook da X, da sayar da ɗan abin da ya samu a ranar, da share wasan daga waya. Kafin Nuwamba rahotanni sun nuna masu shiga a wata sun ragu zuwa wajen miliyan 41. Iyakar ƙarfin mai jari ke nan a wannan harka: ya sayar ya fita. Ba shi da wanda zai kama, domin masu wasan ma ba su bayyana sunayensu ba.

TapSwap kuwa ƙaura ya yi ta yi. Kowane kuɗin kirifto yana zaune ne a kan wani babban kundin lissafi na intanet, kamar yadda kowace rumfa take cikin wata kasuwa. Shi ya fara da Solana, ya koma TON, aka sa 1 ga Yuli 2024 ranar rabo aka ɗaga, aka yi ta ɗagawa, sai a Fabrairu 2025 kuɗin suka fito, a kan BNB Chain kuma. Lokacin nan gwiwar yawancin mutane ta riga ta yi sanyi.

Amma fa wanda ya fi ba ni abin tunani shi ne Pi Network, domin a nan ne aka ga wani irin martani dabam. Waɗansu masana da suka fito daga Jami'ar Stanford ta Amurka, Nicolas Kokkalis da Chengdiao Fan, suna cikin waɗanda suka kafa shi a 2019. Shekara kusan shida mutane suna tarawa ba su da ikon kai shi babbar kasuwa. Cikin wannan dogon jira ne waɗansu mabiya suka ƙirƙiro wa kansu farashi, wai Pi ɗaya dala 314,159 ne, abin da kamfanin bai taɓa tabbatarwa ba. Ran 20 ga Fabrairu 2025 aka buɗe ƙofa. Cikin mako guda farashi ya kusa dala uku, sa'an nan ya faɗo ƙasa da dala ɗaya. A watan Mayu aka yi alkawarin wata babbar sanarwa, farashi ya haura dala ɗaya da rabi, da yawa suna zaton za a ce Binance ta karɓe shi. Da ranar ta zo, 14 ga wata, sai aka ji an ware dala miliyan 100 ne don zuba jari a sababbin kamfanoni. Watau masu shi suna tunanin gina harka ta shekaru, masu riƙe da shi suna jiran farashin gobe. Cikin 'yan kwanaki ya sake komawa ƙasa da dala, kafin ƙarshen shekarar kuma ya sauko ƙasa da santi 30. Duk da haka waɗansu ba su sayar ba, ba su kuma yi fushi ba, sai ma suka ƙara riƙe imaninsu, suna cewa farashin kasuwa na bogi ne. Wanda ya yi shekara shida yana jira, yana kuma jawo 'yan'uwansa ciki, da wuya ya buɗe baki ya ce an yi hasara.

Kada a ɗauka sauya hanya kansa laifi ne. Ethereum, wanda shi ne na biyu a girma bayan Bitcoin, ya daina haƙa da injuna ran 15 ga Satumba 2022, abin da ya kashe kasuwar waɗanda suka zuba dukiya a injunan. Amma an yi shekaru ana shelar haka a fili, kowa ya sami sukunin shiri, waɗanda ba su so ba suka juya injunansu ga waɗansu kuɗin kamar Ethereum Classic. Ina wannan ina sauya ƙa'idar rabo ana saura kwanaki?

Dattawan da suka sayi hannun jari zamanin dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun san bambancin. Mai hannun jari yana da yanki a kamfani, ana aiko masa takardar taron shekara, yana da ƙuri'a. Mai riƙe da sulallan Hamster ko Pi ba shi da ko ƙusa a kamfanin. Gaskiya ne a watan Maris 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari wadda ta sa irin wannan dukiya ƙarƙashin hukumar SEC, kuma tun Agusta 2024 hukumar ta ba Busha da Quidax izni na wucin gadi. Wannan zai yi amfani ga wuraren ciniki da ke da ofis a Nijeriya. Amma hannun hukuma ba ya kaiwa ga wasan Telegram da ba a san garin masu shi ba.

Saura ciniki tsakanin mutum da mutum a cikin zango. Wanda ya ba ɗan'uwansa Naira hannu da hannu ya sayi Pi tun kafin a buɗe kasuwa, ko ya ba shi kuɗi ya juya masa a kirifto, shi kam yana da wanda zai kama, kuma irin wannan rigima tana iya zuwa gaban Sarkin Hausawa. Sai dai abin da za a fara tambaya shi ne a kan me aka yi yarjejeniya, da wa ya shaida, da kuma ko an faɗi wanda zai ɗauki hasara idan masu abin can ƙasar waje suka sauya shawara. Mafi yawan waɗannan cinikayya a waya aka ƙulla su, da dare, ba takarda ba shaida.