Saukar Zazzaɓi Ba Waraka Ba Ne: Kaska da Jinin Kare

Karen gadi ya ƙi abinci, jikinsa ya yi zafi, ya kwanta lamo. Aka ba shi magani kwana biyar, ya miƙe yana haushi, mai gida ya ajiye sauran ƙwayoyin. A ganina, daga wannan ajiyewar ake fara rasa karen.

Cutar da ta fi yin wannan yaudara ita ce wadda bakteriyar Ehrlichia canis ke haddasawa, kuma kaskar kare mai ruwan ƙasa ce ke ɗaukar ta. A Aljeriya aka fara gano ta, a 1935, amma ba ta yi suna ba sai da ta kashe karnukan sojan Amurka da dama a yaƙin Biyetnam. Irin karen nan na Jamus, wanda masu hali ke saya da tsada domin gadi, yana cikin waɗanda ta fi yi wa illa.

Ƙwayar cutar tana shiga fararen ƙwayoyin jini. Mako ɗaya zuwa uku bayan cizon kaska sai zazzaɓi ya bayyana. Zai iya sauka ko ba magani, alhali ƙwayar ta maƙale a saifa, tana iya yin watanni ko shekaru ba alama. In ta dawo da ƙarfi, ɓargo ne ke gazawa wajen samar da jini: dasashi ya yi fari, haɓo ya ƙi tsayawa, kare ya rame. A wannan mataki kuɗi ba su cika yin ceto ba.

Shi ya sa likitocin dabbobi ke ba da doksisaikilin na kwana 28 cur. Kuma kafin magani, a gwada jini. Kaskar nan tana yaɗa Babesia ma, wadda ba bakteriya ba ce, maganinta daban ne, kuma kare ɗaya yana iya ɗaukar duka biyun. Wanda ya sayi allura a kasuwa bisa hasashe caca yake yi. Maganin ciwon jiki na mutane kuwa, musamman ibufurofen, guba ne ga kare.

Tsince kaska daga kunne ma bai isa ba. Wannan kaskar cikin gida take rayuwa, a tsagar bango da ɗakin kare, inda mace guda ke zuba ƙwai dubbai. In ba a yi wa makwancinsa feshi ba, karen da ya warke zai sake kamuwa, domin kamuwar farko ba ta kare shi daga ta biyu.