Ƙamshin Wiwi Ba Shaidar Lafiyarta Ba Ne

Kwanan baya da almuru ina zaune wurin wani mai shayi a unguwarmu ta Damilu, cikin Jimeta, sai na ji waɗansu samari uku suna gardama kamar masu cinikin turare. Ɗaya ya ce shi dai sai mai ƙamshin lemo, ɗaya ya ce mai warin ƙasa ita ce ta manya, na ukunsu kuwa ya raba gardamar da cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi, a bar hanci ya zaɓa. Da na kasa kunne sosai sai na gane ashe tabar wiwi suke nufi. Babbansu bai wuce shekara 20 ba.

To, jama'a, wannan magana ta "a bar hanci ya zaɓa" ba a Damilu aka ƙago ta ba. Daga ƙasashen waje ta zo, ta cikin wayar hannu. Ƙasar Kanada ta halatta wiwi a shekarar 2018, Jamus kuma ta sassauta dokarta a 2024, kuma a kantunan Kanada da na wasu jihohin Amurka ana tallar ta iri-iri bisa ƙamshi, tamkar ganyen shayi. Amma abin da samarinmu ba su lura da shi ba, a can sai an kai ta ɗakin gwaji, an rubuta ƙarfinta a jikin kwali, kuma ba a sayar wa yaro. Mu a nan fa? Ƙulli ne a cikin takarda ko leda, daga hannun wanda ba zai taɓa faɗa maka abin da ya zuba a ciki ba.

Masana sun bayyana cewa ƙamshin ganyen yana fitowa ne daga waɗansu mayuka da ke jikin tsiron, irin waɗanda ake samu a ɓawon lemo da mangwaro. Sinadarin da ke bugarwa kuwa, wanda ake kira THC, ba shi ne ke ba da wannan ƙamshi ba. Watau hanci ba ya iya gane mai ƙarfi da mai sauƙi. Hanci yana da amfani wajen zaɓen bandar kifi a kasuwar Jimeta, ko daddawa, ko turaren wuta, domin a can wari yana nuna lalacewa. A sha'anin wiwi ba haka ba ne.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, wiwin yau ba irin ta da ba ce. Ban da wadda ake nomawa a dazuzzukan Ondo da Edo, yanzu akwai waɗanda ake kira Loud, da Arizona, da Colorado, wadda yara ke ce wa Kolos. Hukumar NDLEA ta sha kama irin waɗannan a tashoshin jiragen ruwa da na sama na Ikko. Ita Kolos sau da yawa ganye ne kawai da aka fesa wa sinadarin da aka haɗa a masana'anta, kuma tana iya sa farfaɗiya, ko ta ɓata ƙoda, ko ta kai mutum lahira. Wanda ya iya fesa guba ai ba zai kasa fesa ƙamshi ba. Haka kuma wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet Psychiatry a 2019 ya nuna cewa mai shan wiwi mai ƙarfi kullum, haɗarin taɓuwar hankalinsa ya kai kusan ninki 5 na wanda bai taɓa sha ba.

Kada wani ya ce abin na 'yan tsiraru ne. Ƙididdigar da Gwamnatin Tarayya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ta nuna mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya ke ta'ammali da ƙwayoyi, miliyan 10.6 daga cikinsu kuwa wiwi suke sha.

Na san wasu za su ce ai doka ce magani, a kama, a ɗaure. Idan ba mu manta ba, dokar soja ta 1966 ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noman wiwi, da shekara 10 ga mai shan ta, har aka sassauta ta a 1975. A 1989 aka kafa NDLEA, a 2021 kuma aka ɗora ɗan jiharmu, Janar Buba Marwa, a kan shugabancinta, an kuwa ga kame da ƙona gonaki. Duk da haka ga yaranmu suna zaɓen ƙamshi a teburin mai shayi. Dillali da mai noma, lalle doka ta yi aikinta a kansu. Amma yaro ɗan shekara 17 da aka jefa kurkuku saboda ƙulli ɗaya, sau da yawa yakan fito da ilmin da ya fi wanda ya shiga da shi muni.

Saboda haka shawarata ga iyaye ita ce, mu daina jiran warin da muka sani a da kafin mu farga. Mu san sababbin sunayen nan, mu lura da jan ido, da yawan barci, da janyewa daga makaranta ko wurin sana'a. Wanda ya ga alama kada ya ɓoye don gudun abin kunya, ya kai yaro asibiti, domin ciwo ne da likita ke iya dubawa. Masu unguwanni da limamai da fastoci na Damilu, da Jambutu, da Doubeli su zauna da samari, su yi musu bayani da hujja ba da zagi ba. Gwamnatin Jihar Adamawa kuma ta ƙara wuraren farfaɗo da masu shaye-shaye waɗanda talaka zai iya biya.

Ku kuma samari, ku tambayi kanku: wanda ya ƙulla muku ledar nan, in kun faɗi kuna shure-shure, shi zai kai ku asibiti? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuri'a, amin.