ADON KWANA UKU, BASHIN SHEKARA

Jama'a, ku da kuke cin kasuwar Shuwarin da ta Dutse kun san abin da za mu faɗa. Duk ran da aka ce wani babba zai zo, sai a wayi gari an kafa ƙofofin katako a kan hanya, an naɗe su da yadi, an jera tutoci, an tsai da hotuna masu tsawon gini. Mai tumatir da mai ƙosai kuwa a ce su kwashe kayansu, wai suna ɓata wuri. Bayan kwana uku baƙo ya tafi, iska ta yage yadin, awaki su ci takarda. Mu dai tambayarmu ɗaya ce: wa ya biya?

Wannan ɗabi'a ba yau ta fara ba. A 1956 an tara sarakuna da dawaki a Kaduna don hawan daba na Sarauniyar Ingila. Bature ya tafi a 1960, ya bar wa magadansa darasin: a share wa baƙo hanya, a ɓoye masa talaka.

Za su ce mu maƙiyan ado ne, ba mu san wayewa ba, ai har a Turai ana yi. To, bari mu ba su labarin Turan. A 1995 wani mai fasaha, Christo, da matarsa Jeanne-Claude sun lulluɓe ginin majalisar Jamus a Berlin da yadi, tun daga sama har ƙasa. Mako biyu ya yi aka kwance. Amma ku ji yadda aka yi. Sun fi shekara 20 suna neman izini, sai a 1994 wakilan jama'a suka yi muhawara a fili, suka jefa ƙuri'a, suka yarda. Kuɗin aikin daga aljihunsu ya fito, zane-zanensu suka sayar. Miliyoyin mutane sun kalla kyauta. Da aka gama aka kwashe kome, aka sake sarrafa shi. Haka suka yi a birnin New York a 2005, da ƙofofi 7,503 cikin lambun gari.

Izinin jama'a, kuɗin kai, gyaran wuri. A cikin ukun nan wanne namu suka cika? In za ka yi rawar wani, ka koyi sawunsa duka.

Kuma in ado a dutse suke so, ba sai an je Jamus ba. Ga Birnin Kudu nan kusa da mu. A Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe akwai zanen shanu da mutanen da can suka yi, har masanin nan Bernard Fagg ya yi rubutu a kansa a shekarun 1950. Akwai duwatsu masu amo kamar kuge in an buga su. Tun 1991 da aka yi Jihar Jigawa, ɗalibai nawa aka kai su gani? Ku tambayi 'ya'yanku. Abin da ya daɗe ba a kula da shi, sai abin da zai yage jibi, domin shi ne mai kwangila a ciki.

Saboda haka muna neman abu uku. Na ɗaya, duk adon da za a yi da kuɗin baitulmali a karanta lissafinsa a majalisa, a manna a ƙofar kasuwa. Na biyu, kada a tashi ɗan kasuwa daga wurinsa saboda baƙo. In ya zama dole, a biya shi cinikin yininsa. Na uku, mai son ganin fuskarsa a bakin hanya ya biya da guminsa, ya kwashe da hannunsa.

Ya ku 'yan kasuwa, ran da mai rasit ya zo karɓar kuɗin rumfa, ku biya, amma ku tambaye shi inda na bara ya shiga. Tambaya ba laifi ba ce. Kuɗinku ne.