Kimiyya a Saukake: Yadda Ake Gano Sunan Ƙwayar Cuta

Mu da ke yankin Kwanar Dangora, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, mun san yadda abin yake: zazzaɓi na kama mutum, sai a aiki yaro kemis ya sayo kafso. To amma wace ƙwayar cutar ake son kashewa? A ɗakin gwaji ake samun amsar.

Mu ɗauki mashaƙo, cutar da ta ɓarke a ƙarshen 2022, wadda Jihar Kano ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu. Farkonta kamar ciwon maƙogwaro na yau da kullum take. Likita ba ya jiran sakamako kafin ya fara magani, domin tana iya toshe numfashi. Amma sai ya sa a lakato majinar maƙogwaron da tsinke mai auduga, a kai ɗakin gwaji.

Mataki na farko shi ne rini. Wani likita ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, ya fito da dabarar a 1884. Ana shafa samfurin a ɗan gilashi, a rina, a wanke, a sake rinawa da wani launi, sannan a duba a madubin da ke girmama abu sau 1,000. Wasu bakteriya sukan riƙe shunayya, wasu su koma ruwan hoda. Ana kuma duba siffa: wasu kamar ƙwayar gero, wasu kamar sanda. Ta mashaƙo shunayya ce, mai kai kamar kulki.

Mataki na biyu noma ne. Ana shuka samfurin a faranti mai wani abinci mai kama da kamu da ya daskare, a ajiye a akwati mai ɗumin jikin mutum, digiri 37. Bayan awa 18 zuwa 48, ƙwaya ɗaya ta zama miliyoyi, har ido na ganin ɗigonsu. A farantin musamman na mashaƙo, ɗigon baƙi-baƙi yake fitowa. Daga nan sai a gwada ko tana fitar da dafi, domin dafin ne ke kisa.

Mataki na uku shi ne zaɓen magani. Ana jera ƙananan takardu masu magunguna daban-daban a kan farantin. Wanda ya fi ƙarfin ƙwayar, sai ka ga kewayensa fes. Wanda ta saba da shi kuwa, har jikinsa take tsirowa.

Makero da ke cin kan yara, da ƙyasbi, su ba bakteriya ba ne, dangin fumfuna ne. Ana kankaro ɓawon fatar ko a ciro gashi, a ɗiga wani sinadari mai narkar da fata, sai zarurukansu su bayyana a madubi. Nomansu kan ɗauki makonni. Shi ya sa kafson bakteriya ba ya taɓa makero ko kwali nawa aka sha.

Ga abin da muke so ku kai gida: idan za a yi gwajin noma, a ba da samfurin kafin a fara shan magani. Kafson da aka sha da safe yana iya hana ƙwayar tsirowa, sakamako ya fito babu komai alhali cutar tana nan. Shan rabin magani kuma shi ke barin ƙwayoyi masu taurin kai su yaɗu.

Mai sha'awar wannan aiki ya riƙe bayoloji, kemistiri da fizis da kyau. Jami'ar Bayero tana koyar da kimiyyar gwajin asibiti, ga kuma Makarantar Koyon Aikin Lafiya nan kusa a Bebeji.

Tambayar mako: me ya sa ake ajiye farantin a digiri 37? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku.