A Sauke Wa Dajin Falgore Nauyin Murhu

Galibin manyan tukwanen makarantun kwana da asibitoci da itace suke aiki, kuma daji ne ke biyan kuɗin. Wanda ya bi hanyar Jos ta Tudun Wada da Doguwa ya ga yadda gatari ke cin gefen Dajin Falgore.

Alhali kuwa ga ɓuntun shinkafa tsibi-tsibi a bayan injinan Tudun Wada, ga totuwar masara a Doguwa da Kiru, ga ɓawon gyaɗa a Bebeji. Galibi wuta ake cinna musu a banza. In an curo su, aka gauraya da ɗan kwal irin na Maiganga ta Jihar Gombe, wanda kamfanin siminti na Ashaka ke ƙonawa, sai kwal ya riƙe zafi, ɓuntu ya rage kashe kuɗi.

Amma fa a bar wa manomi karansa, domin shi ne abincin dabba, shi ne danga, shi ne taki. Kuma murhun ya zama mai bututu, kada hayaƙi ya cuci masu dafuwa.

Ya kamata Ma'aikatar Ilimi ta gwada wannan a makaranta ɗaya tukuna. Gani ya kori ji.